Tsohuwar Naira a Ƙetaren Iyaka

Ranar Litinin 23 ga Afrilun 1984, Birgediya Tunde Idiagbon, na biyu a gwamnatin soja ta Manjo Janar Muhammadu Buhari, ya sanar da cewa an sauya launin takardun naira. Hotuna suna nan yadda suke, Murtala a kan naira 20, Tafawa Ɓalewa a kan naira 5, launi ne kawai ya canza, in ban da takardar kwabo 50 da aka ƙyale. Duk mai tsohuwar takarda an ba shi daga 25 ga Afrilu zuwa 6 ga Mayu ya kai ta banki, kwana 12 ke nan. Naira 5,000 ce iyakar abin da za a musanya wa mutum. Abin da ya haura sai ya zuba a asusu, ya kuma yi rantsuwa a kan inda ya samo shi. A lokaci guda aka rufe iyakokin ƙasa.

Rufe iyakar nan shi ne ƙashin bayan shirin, gwamnati kuma ba ta ɓoye nufinta ba. Tana so kuɗin da 'yan siyasar Jamhuriya ta Biyu suka jibge a gidaje ya fito fili, wanda aka yi safararsa zuwa ƙasashen maƙwabta kuma ya mutu a can inda yake. An sha ba da labarin dogayen layukan bankunan Legas da Kano a waɗancan kwanaki, da yadda sababbin takardun suka yi ƙaranci. Labarin da ba a cika bayarwa ba shi ne na mutanen hayin arewa: Bafillacen da ya sayar da bijimai a Jibiya ya koma Dakoro, manomin albasar Galmi, ɗan ci-ranin da ya ƙare rani yana tura ruwa a Kano ya koma gida gab da shuka da abin da ya tara ɗaure a ƙugu. Ba su da asusu a Nijeriya, an toshe musu hanyar zuwa bankinta, babu kuma bankin Nijar da aikinsa ne ya karɓi naira. Ƙofa ɗaya ta rage musu, teburin ɗan canji, inda za a mayar da takardar da ke gargara ta zama sefa a kan duk farashin da ya samu. Wanda yake son ya san abin da canjin kuɗi ke yi wa talaka, a ganina gefen wannan tebur ya kamata ya samu wuri ya zauna.

Abin da ya kai naira Maraɗi da Damagaram da Ƙonni da yawa haka ba ɓoyayye ba ne. Iyakar Nijeriya da Nijar ta kai kusan kilomita 1,500. Ingila da Faransa ne suka shata ta a farkon ƙarni na 20, ta ratsa ƙasar Gobir da ta Katsina da ta Daura, ta bar wa a wannan hayi ƙane a wancan. Kusan kowace babbar kasuwa a nan tana da abokiyar hulɗarta a can: Illela da Ƙonni, Jibiya da Maraɗi, Mai'aduwa da Matamaye, Kamba da Gaya. Nijar na saukowa da shanu da raguna da raƙuma da wake da albasa da kanwa. A wancan zamani tana komawa da man fetur da takin zamani da siminti da atamfar masaƙun Kaduna da Kano da sabulu da robobi, da hatsi a shekarar da damina ta yi gardama. Mai saye a Nijeriya da kuɗin ƙasarsa yake biya. Wanda ya karɓa kuwa, in ya san mako mai zuwa zai dawo sayen buhun gero ko jarkar kananzir, me zai kai shi canji ya yi asarar la'ada sau biyu? Sai ya ajiye nairarsa. Da haka ta cika lalitoci da akwatuna da asusun ƙasa a garuruwan da a takarda sefa ce kuɗinsu.

Ni ɗan iyaka ne, dangin mahaifiyata suna hayin Maraɗi. Innata, yayar mahaifiyar tawa, mai sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ce. Ba ta taɓa shiga boko ba amma ta yi allo. Takardar sefa da Faransanci take magana, sai dai ta gane ta da launi da girma. Naira kuwa an rubuta adadinta a jikinta da ajami, da Hausa, tana iya karantawa da idonta. Sefa takan lissafa ta da dala da jaka yadda kowa ke yi a can, tamma biyar dala guda, dala 200 jaka guda, ta ajiye ta don haraji da asibiti da abin da ya shafi hukuma. Cefane da sari da zubin adashe kuwa da naira take yi. Ban taɓa jin ta kira naira kuɗin wata ƙasa ba.

A sama da irin su Inna akwai manyan. Alhazan Maraɗi, waɗanda wani Bafaranshe mai suna Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi guda a kansu, sun yi arziki da gyaɗa da farko, sannan da fiton kaya. Duk abin da Nijeriya ta hana shigowa da shi ko ta tsawwala masa kuɗin kwastan, taba sigari da yadi da shinkafa, sai a sauke shi a tashar jiragen ruwan Kwatano ko Lome, ya hau mota zuwa Gaya, ya kwana a sito a Maraɗi ko Ƙonni, ya gangaro kudu ta daji. Da naira ake biyansu, su kuma masu kayan a Turai ba sa karɓar naira. Sefa ce ke da wannan gata, domin tun da aka ƙirƙiro ta ranar 26 ga Disambar 1945 a ɗaure take da kuɗin Faransa, baitulmalin Faransa kuma ya tsaya mata. Daga 1960 sefa 50 ke sayen faran guda na Faransa, haka aka zauna fiye da shekara 30. Naira kuwa a wancan lokaci ba ta fita sai da izinin Babban Bankin Nijeriya. Saboda haka ta zama mai farashi biyu, na gwamnati da na bayan fage, tazarar da ke tsakaninsu kuma ta riƙa faɗaɗa daga lokacin da kuɗin man fetur ya fara ja baya a farkon shekarun 1980.

A cikin wannan tazara ɗan canji yake zaune. Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba: benci, ɗan tebur ko akwatin katako, jakar fata, robar ɗaure bandir, daga baya kwakuleta da waya. Ainihin jarinsa labari ne da amana. Ba a teburinsa ake yanka farashi ba. Daga Wapa yake zuwa, can Fagge a Kano, Wapa kuma tana kasa kunne ga Legas da Kwatano. Kafin zuwan salula, direban motar farko da ta iso tasha shi ke kawo farashin safe, wanda ya riga jin labari shi ke cin kasuwar ranar. Ribarsa 'yar siririya ce tsakanin saye da sayarwa, sai an juya kuɗi da yawa take zama abin kirki. Kuma duk nairar da ya saya daga mai shanu da hantsi, ya saye ta ne don ya san kafin la'asar mai zuwa sarin siminti a Katsina zai zo nemanta. Darajar naira a Maraɗi duka a kan abu ɗaya take tsaye, wato tana da hanyar komawa gida.

Sanarwar Afrilu wannan hanya ta datse, ta kuma sa wa takardar wa'adi. Daga wannan dare lissafin ɗan canji ya zama wani iri. Kwana nawa ya rage? Awa nawa ne daga nan zuwa bankin da ya fi kusa a Katsina ko Sakkwato? Nawa za a ba wanda zai ratsa daji da jakar cikin dare, tunda hanyar mota soja na kanta? In an isa, nawa za a ba waɗanda za su shiga layi da sunayensu, tunda kowa naira 5,000 aka yanka masa? Cikin jaka goma, nawa za a kama a hanya? Duk waɗannan daga jikin takardar ake cire su, abin da ya rage shi ne farashinta. Kowace safiya kuma ragowar na ƙara ƙanƙancewa, kamar tumatir a kwando da rana ta tsaya. Takarda ɗaya ce, lamba ɗaya, hoto ɗaya. A birnin Katsina tana da cikakkiyar darajarta har yammacin 6 ga Mayu. A Maraɗi, wadda ba ta kai kilomita 100 daga can ba, ta zube tun makon farko. A rugar da ke bayan Tanut, inda labarin zai kai sai ranar kasuwa, ta mutu a lalita mai ita bai sani ba.

Na sha jin ana tsine wa 'yan canji a kan irin wannan lokaci, ana cewa sun ci da gumin mutane. Akwai waɗanda suka ci, ba na musu. Wanda yake da ɗan'uwa a banki, ko yake da amini a bakin shinge, ya sayi takarda a wulaƙance ya mayar da ita cikakkiya. Amma a tuna, a daren sanarwar babu wanda ya kai ɗan canji riƙe da naira a duk faɗin garin, domin ita ce hajarsa. Shi ne kuma kaɗai ya yarda ya ba da kuɗi mai rai ya karɓi mai mutuwa, alhali gwamnatoci biyu da manyan bankuna biyu sun juya baya. In farashinsa ya yi zafi, zafin hanyar ne da ƙurewar lokaci.

A idon dokar Nijeriya ma, nairar da ke Maraɗi bai kamata ta kasance a can ba. Fita da ita da yawa laifi ne, gwamnatin soja kuma ta ƙara tsaurara dokar safarar kuɗi a wannan shekara. A ƙarƙashinta aka kama mawaƙi Fela Kuti a filin jirgin saman Legas a watan Satumba, aka yanke masa shekara biyar a kan kuɗin waje. Dokar ba ta da ido na bambance akwatin ɗan siyasa da lalitar mai ƙuli-ƙuli. A nan ne nake ganin zaluncin yake. Nijeriya ta ci naman shanun, ta ci waken, ta biya da takardar da Babban Bankinta ya sa wa hannu, sannan ta ce takardar ba ta da hurumin zama a hannun wanda ta ba. Takardar kuɗi bashi ce a kan wanda ya buga ta. Ranar da aka kashe ta a hannun mai ita ba tare da an ba shi inda zai kai ta ba, an yafe wa kai bashin ne.

Wa'adin ya cika ranar 6 ga Mayu, iyakar kuwa ba a buɗe ta ba sai 1 ga Maris ɗin 1986, bayan Janar Babangida ya karɓi mulki. A tsakani daminar 1984 ta ƙi, gero bai yi ba daga Tawa har Damagaram, dabbobi suka yi ta faɗuwa. A shekarun fari na baya, hatsin Nijeriya ne ke hawowa ya rage zafi, samari kuma su gangara ci-rani su aiko da na cefane. Wannan karon hanyar a rufe take, a watan Mayun 1985 ma aka sake korar baƙi daga Nijeriya. Mutanen Nijar suna sa wa kowace yunwa suna don a riƙa tunawa da ita. Wannan suka kira ta El-Buhari.

Abin da aka yi a 1984 yana da wa. A ƙarshen Disambar 1967, ana tsakiyar yaƙin basasa, Cif Obafemi Awolowo, kwamishinan kuɗi a gwamnatin Janar Gowon, ya sanar da sababbin takardun fam, aka ba da daga 3 zuwa 22 ga Janairun 1968. Biyafara ta gaji ɗimbin takardun Nijeriya daga rassan Babban Banki na Inugu da Fatakwal da Binin, tana sayar da su a Turai tana sayen makamai. Canjin ya mayar da su takardar banza cikin mako uku, dillalai a Turai suka yi ta neman kai da su a kan kowane farashi, ita kuma Biyafara ta fito da nata kuɗin kafin watan ya ƙare. A matsayin dabarar yaƙi abin ya yi aiki. Bayan yaƙin, waɗanda suka ajiye kuɗin Biyafara fam 20 kowa ya samu, komai yawan abin da ya kawo, ciwon da har yau bai warke ba a ƙasar Ibo. Tun daga nan aka gane a Legas cewa launin takarda makami ne, ana iya harbin wanda ke nesa da shi. Abin da ba a tsaya an duba ba shi ne cewa maƙwabcin da bai yi laifin komai ba yana tsaye a kan layin harbin, duk da cewa Nijar ta Diori Hamani tana bayan gwamnatin tarayya tun daga farkon yaƙin har ƙarshensa.

Canjin 1 ga Janairun 1973, da ya kawo naira da kwabo, shi bai cuci kowa ba, domin ba a yi shi don a kama wani ba. Fam guda naira biyu, sule goma naira guda, tsoho da sabo suka yi yawo tare na wani lokaci. Shekaru bayan haka tsofaffi na ta kiran naira biyu fam, kwabo goma sule. In an koma can baya, wuri ma ba rana ɗaya aka kashe shi ba. A 1851, lokacin da Bature matafiyi Barth ya zo Kano, wuri 2,500 ke sayen dalar azurfa guda. Da Turawa suka zo suka hana shigowa da shi, suka ce haraji sai da sule a nan, sai da tamma a can. Babu wanda ya fanshi buhunan da ke ɗakunan mutane, amma an bar su suna ci a ƙananan kasuwanni shekara da shekaru, asarar ta rarrabu a kan hannuwa da yawa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, a wannan shekara ta 1984, ba a cika wata guda da rufe canjin Nijeriya ba, wata ƙasa a yankin ta kashe kuɗinta gaba ɗaya ta koma na maƙwabtanta. Mali ce. Modibo Keita ya fitar da ita daga sefa a watan Yulin 1962 ya buga faran na Mali. 'Yan kasuwar Bamako suka yi zanga-zanga a wannan wata, aka kama Fily Dabo Sissoko da Hamadoun Dicko da Kassoum Touré, dukansu suka mutu a tsare a 1964. Kuɗin bai yi ƙarko ba, aka karya rabin darajarsa a 1967. Ranar 1 ga Yunin 1984, zamanin Moussa Traoré, Mali ta dawo cikin sefa a kan faran biyu na Mali sefa guda, aka ba mutane wata uku. Ba a rasa kuka ba, masu albashi sun koka cewa farashin kaya bai sauko daidai da lissafin ba. Amma akwai farashi sananne da kowa ya ji a rediyo, akwai kanta da za a je, akwai lokacin da mutumin ƙauye zai ji labari ya ɗaura wa jaki kaya ya iso. Haka aka yi a Kamaru ta Ingila bayan ƙuri'ar raba gardama ta 11 ga Fabrairun 1961. Kudancinta ya haɗe da Kamaru ta Faransa, a 1962 aka janye fam ɗin Nijeriya aka kawo sefa a kan kusan 690 kowane fam. Hausawan Abakwa a Bamenda, waɗanda kakanninsu suka kafa unguwar da fatauci, sun kai fam sun karɓo sefa a farashin da aka rubuta. Ashe mayar da mataccen kuɗi zuwa na maƙwabci ba sai an yi asara ba. Inda hukumomi biyu suka zauna suka yanka farashi, aikin magatakarda ne da rasit. Inda ɗaya ta rufe ƙofa ɗayar ta ce ba ruwanta, nan ne yake zama caca da ran dukiyar mutane.

Kada a ɗauka Nijeriya kaɗai ke da wannan hali. Gana ta rufe iyakokinta a watan Maris ɗin 1979 ta canza sidi, ta ba da bakwai a kan kowace goma har zuwa sidi 5,000, abin da ya haura kuma biyar a kan goma. Sefa ma ta rama. A watan Agustan 1993 manyan bankunanta biyu suka daina fansar takardun da aka fitar waje da yankinsu, domin 'yan kasuwa, akasari ta Nijeriya, suna kwasarsu jaka-jaka zuwa Turai su mayar da su kuɗin waje. Ba a yi wata shida ba, ranar 12 ga Janairun 1994, aka karya ta gida biyu bayan taron Dakar, sefa 100 a kan faran guda. Wanda ya kwana da ita a Wapa ya tashi da rabin abin da ya kwanta da shi. A 2004 kuma, bayan fashin da aka yi a rassan BCEAO, babban bankin sefa na Afirka ta Yamma, a Kwaddibuwa, musamman na Buwake a 2003, bankin ya janye takardun samfurin 1992 daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Disamba, don kuɗin satar ya mutu a hannun ɓarayin. Dabarar Awolowo ce sak. Mai sefa a Kano ko a zangon Kumasi shi ma sai da ya nemi wanda zai ƙetara masa da ita. Bambancin dai wata uku da rabi aka bayar, iyaka kuma a buɗe.

Bayan 1984 sai aka daɗe ba a kashe naira ba, ta riƙa narkewa da kanta. A farashin gwamnati na 1980, jaka guda ta sefa ba ta kai naira 3 ba. A 2024 ta haura naira 2,000. A da, ana tambayar ɗan canji dala nawa yake ba da naira. Yanzu tambayar ta juya, naira nawa ce jaka.

Ranar 26 ga Oktoban 2022 gwamnan Babban Banki Godwin Emefiele ya ce za a sake fasalin takardun 200 da 500 da 1,000, Buhari kuma na kan mulki karo na biyu. Hujjarsa ita ce daga cikin naira tiriliyan 3.23 da ke yawo, tiriliyan 2.73 na wajen bankuna. Sababbin suka fito ranar 15 ga Disamba, wa'adin tsofaffin 31 ga Janairun 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, zaɓe kuma na 25 ga watan. Wannan karon ba a rufe iyaka ba, amma an kwashe tsofaffin ba a fito da sababbi masu isa ba. Sai ga abin da ya sami Maraɗi a 1984 ya sami Gusau da Sakkwato da Kano kanta. Mutum na da kuɗi a asusu ba shi da na cefane a aljihu. Masu POS suka koma 'yan canji, suna sayar wa ɗan Nijeriya naira da naira. A hayin Nijar kuwa tsofaffin da suka ga na 1984 ba su jira wa'adi ba, tun da wuri aka fara ƙin karɓar tsohuwar takarda ko a karɓe ta da ragi. A kasuwannin bakin iyaka na Sakkwato da Katsina, ciniki ya koma da sefa a cikin ƙasar Nijeriya, domin ita ce kuɗin da ba a sa wa ranar mutuwa ba.

Malamai sun shiga maganar, kuma hukuncin da suka tunatar da shi yana da amfani ga fahimtar sana'ar. Kuɗi iri ɗaya ba a musanya shi sai daidai wa daida, hannu da hannu. Wanda ya ba da sababbin naira 8,000 ya karɓi tsofaffi 10,000 ya faɗa ribar da shari'a ta hana. Naira da sefa kuwa jinsi biyu ne a wajen mafi yawan malaman wannan zamani, ana sayar da ɗaya da ɗaya a kan duk abin da aka daidaita, muddin an yi karɓa-ba-ni a zama ɗaya. Wato ɗan canjin bakin iyaka da ya sayi tsohuwar naira da sefa a kan ragi yana cikin halal ta fuskar ciniki, ko da zuciyar mai sayarwa na ƙuna. Shari'a ta tsare adalci tsakanin mutum biyun da ke zaune a kan benci. Wanda ya jawo ragin shi ne na uku, kuma ba ya wurin.

Abin da ya bambanta 2023 da 1984 kotu ce. Gwamnatocin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin takardu su ci gaba da aiki har 31 ga Disambar 2023, a ƙarshen Nuwamba kuma ta cire wa'adin ɗungum. Takardar da aka yi wa sallah sai ta tashi. Wanda ya sayar da tasa da ragi a Ƙonni a watan Janairu ya yi asarar banza, wanda ya saye ta ya rufe a akwati ya ci riba ba tare da ya taka ko'ina ba. Kotun ta yi magana ne a kan haƙƙin jihohi da 'yan ƙasa. Mai naira a ƙetare ya tsira ne a inuwarsu, ba don an tuna da shi ba.

Ba hukumomi aka rasa ba. Tun 1971 Nijeriya da Nijar suke da hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai, a 1975 kuma aka kafa gidan warware biyan kuɗi tsakanin manyan bankunan Afirka ta Yamma a Firitawun. Ayyukansu na tsakanin gwamnati da gwamnati ne, banki da banki, alhali cinikin shanu da wake da gero a hannu ake biyansa, a ƙarƙashin rumfa. Abin da ake bukata ba shi da yawa. In za a kashe takarda, a buɗe kanta a Ƙonni da Maraɗi da Damagaram da Diffa, a yanka farashi a faɗe shi a rediyo da Hausa da Fulatanci da Barbarci, a sa iyakar da za ta tsare babban ɓarawo ta wuce da mai lalita, a kuma ba da lokacin da ya kai kasuwa huɗu ko biyar.

Maganar ba ta tsufa ba, sai dai wannan karon tana iya fitowa daga arewa. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025, shugabanninsu kuma sun sha ambaton barin sefa su buga nasu kuɗin. Shekaru ke nan 'yan kasuwar Illela da Jibiya da Maigatari da Dawanau suna ajiye abin da suka samu da sefa don gudun narkewar naira, kamar yadda Maraɗi ta taɓa ajiye nata da naira. In ranar ta zo, a Yamai za a yanke kwana nawa za a bayar, da ko shingayen iyaka na Gaya da Ɗan Isa za su kasance a buɗe, da ko takardar da ta kwana a Kano za a karɓe ta a kanta.